Taimakon Da Na Kai Wa Surukina

Akwai wani ciwo da ke kama namiji ranar da ya mallaki mota mai fowil, kuma har yau ban ji likitan da ya yi bayaninsa a rediyo ba. Yakan fara ne da daina kauce wa rami. Daga nan sai mutum ya riƙa kallon duk motar da ta maƙale a gefen hanya da tausayi a fuska, farin ciki fal a ciki. In ya yi tsanani, za ka ji mai shi yana roƙon ruwan sama alhali ko kunyar gero ɗaya bai shuka ba, so yake kawai hanya ta ɓaci a ga ranarsa. Nawa ciwon ya riga ya ci jiki kafin a gano shi, kuma a gaban surukina aka gano shi, mai karatu, surukina da rabin mutanen garinsu.

Motar Hilux ce mai ƙofa huɗu, samfurin da aka fara fitarwa wajen 2005. Na saye ta a gwanjon wani kamfanin gine-gine bayan ta gama yi musu bauta. Ni kuwa malamin lissafi ne a sakandare, abu mafi nauyi da nake ɗauka shi ne takardun jarrabawa, sai buhun shinkafa in wata ya yi kyau. Amma tun ranar da makulli ya shiga aljihuna na zama shehin tarihin Toyota. 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar sun haddace karatun har suna ƙarasa mini: yadda a 1987 sojojin Chadi na zamanin Hissene Habre suka hau irin waɗannan akori-kura suka tarwatsa tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum, har aka raɗa wa faɗan suna Yaƙin Toyota, da yadda a 2003 wasu Turawan Ingila masu shirin motoci a talabijin ɗin BBC suka bar wata tsohuwar Hilux teku ta shanye ta, suka cinna mata wuta, suka ɗora ta a kan dogon bene aka rushe shi da nakiya, aka tono ta daga ɓaraguzai, makanike ya ɗan taɓa nan da can, ta tashi. Duk wannan ya faru, ban ƙara gishiri ba. Sai dai ko a Chadi ko a Ingila babu inda aka ce ta ja tirelar taki, ni kuma ban tsaya na lura da wannan giɓin ba.

Ba a daɗe ba na ga bambar roba da ke gabanta ba ta dace da mutuncina ba. Na ɗauki hoto a waya na kai wa wani mai walda, irin bambar nan ta mutanen Ostareliya da suke sawa saboda karo da kangaru a hanyoyin daji. A tsakanin gidana da makaranta dai babu kangaru, akuya ce kawai da 'yan adaidaita, amma mutum ai yana shirin gaba. Mai waldar ya haɗa bututu da ƙarfen angul, ya shafa baƙin fenti, ya dasa fitilu huɗu a sama, ya kuma liƙa wasu manyan zobba biyu ya shafa musu ja. Sai da ƙarti biyu suka ɗaga ta. Da zai ba ni makulli ya ce, “Alhaji, zobban nan fa na kwalliya ne, kada ka ɗaura musu komai.” Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun da na sayi motar ban gyara wa kowa wannan kuskuren ba. Na yi masa murmushi, na ƙara masa na goro. A kan waɗanne ƙarafa ya ɗaure ta, da noti nawa, ban duba ba. Mai shadda ba ya leƙa ƙarƙashin mota.

Cikin Agusta, damina ta yi tsaka, uwargida ta ce mu je gaida iyayenta a ƙauyensu da ke can bayan Haɗeja. Wanda ya san fadamun yankin ya san baƙar lakarsu: da rani ta tsattsage ta yi tauri, da damina ta kama ƙafarka ta karɓe takalmi. Wani maigidan zai ce a bari sai kaka. Ni kuwa abin nema ya samu. Na sa farar shadda da ta sha bugu, na karya hula, na feshe jiki da turare, muka kama hanya ina ta addu'ar a ce an yi ruwa a can.

An yi kuwa. A mashigin ƙarshe kafin gari muka tarar da taro. Tirelar tarakta ce ta nutse har aksil, taraktar da ta jawo ta kuma ta ƙone kuloci wajen ƙoƙarin fita, an kwance ta an gangarar da ita gefe. A kan tirelar akwai takin zamani buhu 100, kowanne kilo 50, na surukina ne da abokan nomansa. Hadari yana haɗuwa a gabas, taki kuwa ba ya wasa da ruwa. Yanzu da nake zaune a inuwa zan iya gaya maka cewa 100 sau 50 tan 5 ke nan, ban da nauyin tirelar kanta, ban da riƙon da laka ta yi mata. Da na ba ɗan aji ɗaya wannan lissafin ya kasa, da ya sha bulala. Amma a wannan rana ni ba malamin lissafi ba ne, mai Hilux ne. Na dubi taraktar nan, abin da aka ƙera musamman don ja, mai tayoyin baya da suka kusa kai ni tsawo, na ga ta gaza, sai na yanke hukunci cewa tsufa ne ya kama ta.

Na durƙusa na gaida Baba, ina tattare bakin riga kada ta taɓa ƙasa. Ya ce ya riga ya aika a kawo amalanke a sauke kayan a kwashe kaɗan-kaɗan. Na ce, “Baba, ai ba sai an wahalar da bayin Allah ba, ga mota.” Ya dubi motar, ya dubi tirelar, ya ce a hankali, “Malam, kayan da nauyi fa. A dai bari a rage.” Na ce, “Ku dai ku ɗan ja da baya, Baba.” Uwargida ta sauke gilashi ta ce, “Baban yara, don girman Allah ka bari.” Na yi kamar iska ce ta kaɗa. Ƙaninta, wanda dama abokin wasana ne kuma ya daɗe yana neman inda zai kama ni, bai ce komai ba. Waya kawai ya zaro ya gyara tsayuwa.

Direban taraktar ya jawo wata sarƙa mai kaurin wuyan hannu ya ce, “Yallaɓai, ina za a ɗaura?” Na nuna jan zoben da bakin makulli. Ya ce, “Nan?” Na ce, “Nan.” Ya taɓe baki ya ɗaura. Baba kuwa ya ɗauki sanda ya kore yara duka zuwa bayan wata tsamiya, abin da a lokacin na ɗauka rashin yarda da ni ne. Na shiga, na sauke uwargida, na tura ƙaramin liba zuwa ƙaramar giyar fowil, na sa ribas. Sarƙa ta miƙe, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri guda, tirela ko gezau. Sai basira ta zo mini: abin yana son a ɗauko masa gudu ne. Na matso gaba har sarƙar ta kwanta a ƙasa, na gyara hula a madubi, na take totur har ƙasa.

Na ji gau! Sai motar ta yi sakayau ta zura da baya babu abin da ke riƙe ta. Wallahi, ɗan'uwa, daɗin da na ji a wannan ɗan lokacin ban ji irinsa ba ko ranar ɗaurin aurena. Na yi kabbara da ƙarfi, na danna ham, na fito da hannu ta taga ina ɗaga wa jama'a, ina ci gaba da ja da baya don a ga ba da wasa na zo ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tafa. Da na juyo da kaina gaba, sai ga tirela tana nan inda take, ko buhu ɗaya bai motsa ba. A tsakanina da ita kuma ga bambata kwance cikin caɓi, fitilunta huɗu suna kallon sama, lambar motata tana liƙe a jikinta tana kallona, wayoyin wuta suna reto. Wurin ya yi tsit, har kukan kwaɗi kana ji. Sai wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta ce, “Ayya, haƙoranta sun zube.”

Bari in ɗan ajiye wasa a nan. Zoben bai ɓalle ba, shi ya sa nake ba da labarin da dariya. Sarƙa ba ta miƙewa kamar roba ko kaɗan, don haka duk ƙarfin fizgar yana sauka ne lokaci guda a kan abin da ya fi rauni, kuma in ƙaramin ƙarfe ne ya tsinke, tashi yake yi ya nufi gilashi ko kan mutum. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasashen da ake wasan shiga daji da mota, musamman in an rataya igiya a kan dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela. Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya ga igiyar rijiya ta tsinke, shi ya sa ya kore yara.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na fito, na taka laka, takalmina na dama ya ce shi ya iso gida, na bar shi. Na tsaya da safa a ƙafa ɗaya na yi wa taro jawabi cewa dama gaba ba wurin ja ba ne, ƙarfin Hilux a baya yake, gwaji kawai na yi. Na juya motar. A bayan babu ƙugiyar ja, sai 'yar bambar taka ƙafa wadda ko ni na ga ba za ta yi ba. Aka shimfiɗa mini buhu, mai shadda ya shiga ƙarƙashin mota a ƙarshe. Na dudduba, na ga babu ƙarfen da ya kai aksil kauri, sai na naɗa masa sarƙar ta gefen hagu, dab da sufirin. Direban taraktar ya leƙo ya ce, “Yallaɓai, bututun birki fa ta nan ya bi.” Na ce, “Na sani.” Ban sani ba. Ban ma san birki yana da bututu a can ba.

Samari suka cusa duwatsu da rassan itace a ƙarƙashin tayoyi. Na sa giya ta ɗaya, na take. Inji ya yi ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tayoyin baya suka fara watsa laka, kuma ta madubi na ga ainihin inda take sauka: a kan rawanin Baba, wanda ya matso don ya ce mini in dakata. Ban dakata ba. Motar ta fara haƙa wa kanta rami, sannan ta fara tsalle-tsalle, ta ɗaga ta dira, ta ɗaga ta dira, ni kuma ina ganin alamar nasara ce. Can tayar hagu ta cafki dutse. Na ji ƙas daga ƙasa, na ji gum daga baya, motar ta zauna a gefe guda, fedar birki ta tafi ƙasa salin-alin ba ta dawo ba. A daidai nan aka kece da ruwa.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo, kuma shi ya fi ciwo. Amalanke suka iso. Samari suka lulluɓe kayan da tamfol, suka riƙa zaro buhu suna lodawa, shanu suna kaiwa gari suna dawowa. Da tirelar ta zama wayam suka sa kafaɗa suka turo ta waje suna ihu. Kafin magariba takin Baba yana zaure a bushe, daidai yadda ya tsara tun kafin in iso. Abu ɗaya ya rage yana tare wa jama'a mashigi, wato motata.

Aka kawo bijimai huɗu. Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba, mai riƙe da igiyar hancinsu, ya tsuguna a gaban motar ya leƙa inda bambar ta bari a buɗe, ya ce, “Kawu, ai ga ƙugiyarta nan.” Na sunkuya. Ga ta kuwa, ƙatuwar ƙugiya ɗaure a jikin casis tun daga kamfani, bambata ce ta rufe ta duk tsawon lokacin nan. Ya ɗaura igiya, ya yi wa shanun tsawa, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari, tayoyin gaba suna ɗan taimakawa, samari suna turi. Haka muka shiga gari. Saboda aksil ɗin ya goce, gaban motar yana duban masallaci, bayanta yana neman kasuwa, irin tafiyar karen da aka jefa a ƙugu. Ta gilashi ba na ganin komai sai gindin bijimai, ɗaya daga cikinsu ma ya ga dama ya yi abin da shanu ke yi, ya fantsamo inda fitilu huɗu suke a da. Yara na biye da mu, biyu daga cikinsu ɗauke da lambar motata, ɗaya ɗauke da takalmina a kan sanda.

Da a ce an yi mini dariya a gidan, da na samu sauƙi. Ba a yi ba. Aka ba ni ruwan wanka mai ɗumi da kayan Baba, shi kuwa gajere ne, wandon ya tsaya mini a ƙwauri. Duk dattijon da ya shigo zaure sai ya ce, “Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri,” ni kuma in amsa da amin, ina jan wando ƙasa. Surukata ta aiko da tuwon shinkafa da kaza, da saƙon cewa in ci da yawa, na sha aiki. Daga cikin gida ina jiyo uwargida da ƙannenta, sai dariya ta tashi, a ji na yi tari, a yi shiru. Da safe Baba ya ja ni gefe, ya danƙa mini wasu kuɗi a naɗe cikin leda ya ce, “A ƙara a yi gyara, ai don mu aka yi.” Na rantse ba zan karɓa ba, ya rantse sai na karɓa. Mutumin da na yi wa rawaninsa wanka da laka.

Janwe ce ta kawo motar Kano. Makanikena ya zagaya ta, ya kwanta, ya fito, ya ce, “Oga, jirgin ƙasa ka ja?” Ya zaro sandar aksil ta hagu ya ajiye mini a kan benci. Ƙarfe ne da ya fi babban yatsan ƙafata kauri nesa ba kusa ba, amma haƙoran bakinsa, waɗanda ya kamata su miƙe sambal, sun murɗe sun karkace, wurin da ya karye yana ƙyalli. Ya ce ƙaramar giyar fowil tana ninka ƙarfin inji wajen sau biyu da rabi, kuma muddin taya na sulɓi a laka ƙarfin yana da mafita. Da zarar ta cafki dutse tana cikin gudu, duk ya koma kan sandar nan. A tifa da manyan motoci, in ji shi, bututun aksil ne ke ɗaukar nauyi, sandar juya taya kawai take yi, amma a irin tawa sanda ɗaya ce ke yin aikin biyu. Sannan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini guntun wani noti da bai fi ɗan yatsa ba. Shi ne notin tsakiya da ke zaunar da aksil a kan ganyen sufirin. An yi aksil ya ɗauki kaya daga sama ya kuma tura mota gaba, ba a yi shi don a fizge shi ta baya ta gefe guda ba. Notin ya yanke, aksil ya ja baya, sarƙa ta latse bututun birki. “Gara ma da bambar ta fita da wuri,” in ji shi, “ja da ribas haƙoran giyar gaba yake ci. Noti huɗu da 'yan kunnuwan ƙarfen da aka yi don roba, su suka cece ka.”

Daga nan ya buɗe akwatin gaban kujera ya ciro littafin motar, yana nan cikin ledarsa tun zamanin kamfanin gine-gine. Ya ce, “Kai ne mai boko, karanta mana.” Na karanta a tsaye, yaran gareji sun kewaye ni. Abin da aka yarda irin tawa ta ja bai kai tan 3 ba, shi ma a kan titi, da ƙarfen ja na musamman da aka ɗaure a casis, kuma sai in tirelar tana da birkinta. In ba ta da shi, kilo 750 ne iyaka. Ko sababbin da ake yayi yanzu, mafi ƙarfinsu a kilo 3,500 suka tsaya. Wani yaro da ya taɓa zama ajina ya ce, “Malam, to tan 5 a ɗebe 750, saura nawa?” Ogansa ya kore shi, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Sai da muka yi yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin mu samo sanda 'yar Beljiyam, kuɗin Baba da ke cikin leda kuwa, duk da rantsuwata, sun shiga ciki har da ledar. Motar ta tashi, na mayar mata da bambar roba. Ta ƙarfen tana can ƙauye, na ji an ce mai shayin bakin kasuwa ya kafa ta a kan bulo, mutum huɗu take ɗauka, zobban kuma ana ɗaure akuya a jikinsu, aikin da ya yi daidai da ƙarfinsu. A majalisa kuwa, in na buɗe baki zan ce Chadi, sai wani ya yi kukan sa.

Saura maganar ƙanin uwargida da wayarsa. Ya yi mini alkawari bidiyon ba zai wuce 'yan gida ba, amma kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya turo mini shi daga Fatakwal yana tambaya ko na san mutumin. Don haka, mai karatu, in ya iso wayarka, ka ga wani mai farar shadda yana ɗaga wa jama'a hannu yana ja da baya shi kaɗai, don Allah ka goge. In ba za ka iya gogewa ba, to ka kashe sautin daga inda na fito da takalmi ɗaya, saboda ɗalibaina na bana ba su riga sun ji jawabin ba.